Kada Tashe Ya Mutu A Hannunmu

Ra'ayin ƙungiyar 'yan jarida na wannan makon ya shafi wani abu da dukkanmu muka taso muka tarar, wato tashe, da kuma mutanen da ke yin sa.

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Wudil ko ƙauyukan da ke kewaye da ita ya san yadda gari ke sauyawa idan azumi ya kai goma. Da an sha ruwa an idar da asham, sai ka ji gwangwani da ƙwarya sun fara tashi a lunguna. Wannan ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho, wancan ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, 'yan mata sun kifa ƙwarya a ruwa suna kiɗa. Ana shiga gida gida, ana dariya, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi.

A 'yan shekarun nan abin ya ja baya ƙwarai. Rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta sha ba da sanarwar dakatar da tashe a watan azumi, saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi suna yawo da makamai, suna ƙwacen waya, suna tayar da faɗan daba. Babu mai hankalin da zai ce wannan dalili ƙarya ne. Rai ya fi wasa. Amma akwai tambayar da muke so kowa ya tsaya ya yi wa kansa: idan bana an hana, baɗi an hana, baɗin baɗaɗa ma an hana, wa zai koya wa ƙannenmu? Wasan da ba a rubuce yake ba, a jikin mai yin sa yake zaune. Ranar da aka rasa mai yi, an rasa wasan ke nan.

Matsayinmu shi ne, maganin tashen da ya lalace shi ne a tsara shi, a koyar da shi, a kuma mutunta masu yin sa. Makaranta irin tamu ce ta fi dacewa ta fara wannan aiki.

Me ke cikin tashe?

Wasu na ɗaukar tashe bara ce da aka yi wa ado da waƙa. Wanda ya zauna ya kalle shi da idon basira zai ga wasan kwaikwayo ne cikakke, da 'yan wasa, da sutura, da kiɗa, da amshi, da saƙo.

Dubi Jatau Mai Magani. Yaro ne zai rataya layu da ƙullin saiwoyi, ya baje kolinsa yana lissafa itatuwa da cututtukan da suke warkarwa, 'yan amshi na biye da shi. Cikin raha yaro ke haddace sunayen tsirran ƙasarsa, cikin raha kuma ake yi wa masu maganin ƙarya shaguɓe. Dubi Tsoho Da Gemu, inda yaro ke duƙawa da sanda yana rawar jiki, ana tuna wa jama'a cewa tsufa na jiran kowa, kuma tsoho abin tausayi ne. Akwai wasan malamin nan da ke riƙe da allo, ana zarginsa da taka rawa yana musantawa, alhali ƙafarsa ba ta daina motsi ba. Duk wanda ya gani ya san ana magana ne a kan mai faɗar abu da baki yana aikata kishiyarsa. A ɓangaren 'yan mata akwai Mairama Da Daudu, inda ɗaya ke shigar amarya ɗaya ta yi shigar ango, ana nuna ladubban zaman aure. Sai kuma tashen gwauro, wanda a birnin Kano har sarauta gare shi, wato Nalako, sarkin gwagware. Da wasa da dariya ake tsokanar wanda ya ƙi ajiye iyali har sai ya ji kunya ya nemi aure.

Kalmar ma daga tashi ta fito, wato tashin mutane su yi sahur. Ke nan tun asali aikin taimako ne aka haɗa shi da nishaɗi.

Tashe kuma ba shi kaɗai ba ne. Muna da 'yan kama, masu ɗaura rawani su yi zaman malamai, sai ka ji duk karatun nasu a kan tuwo da miya yake. Muna da kalankuwa, bikin kaka, inda samari ke naɗa sarki da alƙali da dogarai na wasa su yi mulkin 'yan kwanaki. A gidan sarautar Kano an san wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa. Muna da 'yan hoto masu cilla garma sama su cafe, da 'yan gambara, da 'yan koroso. Tun kafin a kawo mana silima da talabijin, Bahaushe ya san yadda ake shiga rigar wani a faɗa wa jama'a gaskiya su yi dariya su kuma gyara.

To amma yaya muke kallon masu wannan sana'a? Mu faɗi gaskiya. Muna dariya idan suna yi, muna yi musu liƙi, amma da sun juya baya sai mu ce maroƙa ne, 'yan iska ne, marasa aikin yi. Ɗan da ya ga ana yi wa ubansa irin wannan kallo ba zai so ya gaje shi ba. Ta wannan ƙofa ce wasanninmu da yawa suka fice, tun kafin a zo maganar 'yan daba.

Abin da ya faru a Japan

Domin mu ga cewa akwai wata hanya, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa da ta taɓa shiga irin wannan hali. A Japan akwai wani wasan gargajiya da ake kira kabuki, wanda ya haɗa rawa da waƙa da kwaikwayo. Yau duniya na girmama shi, amma farkonsa bai fi tashenmu daraja ba.

A shekarar 1603 wata mata mai suna Okuni ta fara wannan rawa a birnin Kiyoto, a kan busasshen yashin bakin kogin Kamo. Mu mutanen Wudil mun san yadda bakin kogi yake idan ruwa ya janye da rani: fili ne na kowa da kowa, babu mai tambayarka takarda. A irin wannan wuri kabuki ya tsiro, talakawa ne 'yan kallonsa. Sunan ma daga wata kalma ya fito mai nufin karkacewa, wato fita daga abin da aka saba. An daɗe ana yi wa 'yan wasan laƙabi da mabaratan bakin kogi.

Ba a jima ba ɓarna ta shigo. Wasan ya cakuɗe da karuwanci, 'yan kallo suna faɗa a kan 'yan rawa. A 1629 hukuma ta hana mata hawa dandalin. Samari matasa suka karɓa, matsalar ba ta kau ba, a 1652 su ma aka hana su. Da a nan aka tsaya, da yau babu wanda ya san kabuki. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne sharuɗɗa: manyan maza kaɗai za su yi, a gidajen wasa masu izini, kuma wasan ya dogara ga labari da gwaninta. Tun daga nan maza ke fitowa a matsayin mata, kuma ya zama fanni mai zaman kansa da mutum kan shafe rayuwarsa yana koyo.

Duk da haka raini bai ƙare nan da nan ba. An killace 'yan wasan a unguwanninsu, a 1842 har an kori wani babban ɗan wasa, Danjuro na 7, daga babban birni saboda an ce ya cika almubazzaranci. Sai a 1887 Sarkin Japan Meiji ya zauna ya kalli kabuki da idonsa. Daga ranar kallon da ake yi wa sana'ar ya soma canzawa. Bayan shekara biyu, a 1889, aka buɗe gidan wasan Kabuki-za a Tokiyo, wanda har yau shi ne cibiyar wannan wasa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda suke riƙe ilimin. Komai na kabuki yana da ƙa'ida. Zanen fuska yana magana: jan layi na jarumi ne, shuɗi na mugu ne. Akwai wata doguwar hanya da ta ratsa tsakiyar 'yan kallo, ta nan manyan 'yan wasa ke shigowa. Idan labari ya kai ƙololuwa, ɗan wasa kan tsaya cak ya ƙame, ya zare ido, ana buga katako, 'yan kallo na kiran sunan gidansu, kamar dai yadda ake yi wa ɗan dambe kirari. Kiɗan kuwa da wani abu mai tsirkiya 3 ake yi, shamisan, ɗan uwan molo da garaya.

Suna ma gadonsa ake yi, tamkar sarauta. Danjuro na farko ya rayu daga 1660 zuwa 1704. A watan Nuwamba na 2022 aka yi bikin naɗa Danjuro na 13, kuma a dandali ɗaya ɗansa mai shekara 9 ya karɓi nasa sunan wasan. Sama da shekara 300 ke nan gida ɗaya na miƙa sana'a hannu da hannu. Da suka ga gado kaɗai ba zai wadatar ba, sai Gidan Wasan Ƙasa da aka buɗe a 1966 ya fara horar da 'ya'yan talakawa daga 1970, waɗanda ba su da uba ko kaka a sana'ar. Haka kuma ana shirya wasanni na musamman domin ɗaliban makarantu, a fara yi musu bayani kafin a ɗaga labule. Gwamnati na zaɓar gwanayen da suka yi fice ta ba su matsayin taskar ƙasa mai rai, tana ba su tallafi duk shekara domin su koyar da na baya. Bando Tamasaburo, gwanin fitowa a matsayin mace, ya sami wannan matsayi a 2012. Hukumar UNESCO ta ayyana kabuki cikin manyan al'adun duniya a 2005, ta kuma shigar da shi kundinta a 2008.

Japan ƙasa ce da ke ƙera Toyota da Honda, babu mai ce mata ta ci baya. Amma ba ta ga cewa ilimin kimiyya ya hana ta riƙe rawar da aka fara a bakin kogi ba.

Darasin da ke ciki

Ba muna cewa a kawo kabuki Wudil ba ne, kayan aro ba ya rufe katara. Addininmu da al'adarmu daban suke da nasu, kuma akwai abubuwan da suka dace da su waɗanda ba za su dace da mu ba. Abin ɗauka guda uku ne.

Na farko, da ɓarna ta shiga wasansu, sun cire ɓarnar sun bar wasan. Sun sa masa wuri, da lokaci, da sharaɗi, da wanda za a kama idan an saɓa.

Na biyu, sun mai da shi abin koyo. Akwai malami, akwai ɗalibi, akwai matakin da ake bi.

Na uku, sun daina raina mai yi. Yaro ba ya sha'awar gadon abin da ake zagi.

Kuma ba sai mun je Japan ba kafin mu ga amfanin tsari. Rawar koroso da Jihar Kano ke alfahari da ita a bukukuwan al'adu na ƙasa ta tsaya da ƙafarta ne saboda akwai hukumar tarihi da al'adu da ke riƙe da 'yan wasan a Gidan Ɗan Hausa, ana atisaye, ana ɗaukar sababbi. Hawan sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a watan Disamba na 2024, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, wasan Kwagh-hir na Tibi a 2019. Na ƙarshen nan wasan kwaikwayo ne na ƙauye, da 'yan tsana da dodanni da labari, bai fi tashe komai ba. Bambancin kawai, su sun sami masu tsaya masa.

Ga masu ja da mu

Mun san akwai masu cewa watan azumi na ibada ne, ba na kiɗa da tsalle-tsalle ba. Wannan magana ce mai nauyi, kuma malamanmu na addini su ne suka fi cancanta su nuna mana iyaka. Abin da muke roƙo shi ne a zauna da su a tace: wanda ya ƙunshi batsa, ko cin mutuncin wata ƙabila, ko cakuɗa maza da mata, a ajiye shi. Wanda ke koyar da tausayin tsoho da ƙyamar munafunci da son aure, a bar wa yara abinsu, a lokacin da bai ci karo da salla ko tafsiri ba. Kakanninmu da suka riƙe tashe ba su fi mu sakaci da azumi ba.

Akwai masu cewa jarrabawa na gabanmu, ina mu ina wasa. Duk wanda ke ɗaukar darasin Hausa ya san adabin baka da wasannin gargajiya suna cikin manhajar da WAEC da NECO ke tambaya a kai. Ɗalibin da ya taɓa ɗaura gemun auduga ba zai tsaya cizon biro ba idan aka ce ya bayyana sigogin tashe. Gani ya kori ji. Ban da haka, yaron da ya saba tsayawa gaban jama'a ya yi magana da ƙarfin zuciya, shi ne gobe zai iya muhawara, ya iya koyarwa, ya iya kare kansa a gaban masu ɗaukar aiki.

Akwai kuma masu cewa zamani ya wuce wurin, yanzu kowa na kan TikTok da finafinan Kannywood. To ai masu barkwancin da muke kallo a waya jikokin 'yan kama ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Su Samanja da Kasimu Yero da Karkuzu da suka riƙe talabijin a zamanin iyayenmu, daga wannan rijiya suka sha. Wayar da ake cewa ta kashe tashe ita ce kuma za ta iya adana shi, idan muka juya kyamarar ta kalli tsofaffinmu.

Game da 'yan daba kuwa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tashen da ba shi da jagora, ba shi da lokacin tashi, kowa ya rufe fuska ya bi dare, dole ɓata-gari su shige ciki. Tashen da aka yi da hasken rana, a fili sananne, da sunan kowane yaro a rubuce, ɗan daba ba shi da abin yi a wurin.

Abin da muke nema

Muna miƙa waɗannan buƙatu ga shugaban makaranta da malamanmu cikin ladabi.

1. A ware wa ƙungiyar wasan kwaikwayo da ƙungiyar Hausa awa 1 a mako domin koyon wasannin gargajiya, ƙarƙashin kulawar malamin Hausa da malamin addini.

2. A hutu mai zuwa, kowane ɗalibi ya zauna da kakarsa ko kakansa ko wani dattijon unguwa, ya rubuto wasa 1: sunansa, su wa ke yi, me ake sawa, da me ake kiɗa, me ake nufi da shi. Makaranta mai ɗalibai ɗaruruwa za ta tara littafi guda cikin hutu ɗaya. Mu a wannan allo mun ɗauki alkawarin liƙa mafi kyau duk mako, da sunan wanda ya kawo da na dattijon da ya ba shi, idan sun yarda.

3. A sa rana guda a shekara ta tashe a harabar makaranta, da rana, maza daban mata daban, babu sanda mai kaifi, babu rufe fuska, babu fita titi. A gayyaci iyaye.

4. A nemo tsofaffin 'yan kama da masu kiɗan gargajiya da suka rage a garin nan da ƙauyukanmu, a kawo su aji. A ba su kujera a gaba, a kira su malamai, a sallame su da abin da ya dace. Wannan shi ne mafi muhimmanci a cikin buƙatunmu, domin ranar da ɗalibi ya ga shugaban makaranta ya miƙe ya gaida ɗan kama, ranar zai gane cewa abin da ke kan mutumin nan ilimi ne.

5. Mu ma mu ƙirƙiri namu. Tashe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba, kowane zamani da abin da yake tsokana. Ina tashen mai satar amsa a jarrabawa? Ina na mai shan maganin tari ya kwanta a kwata? Ina na ɗan kasuwar da ke ɓoye hatsi sai azumi ya kama? Ina na direban da ke tsere a kan gadar Wudil ranar Juma'a, kasuwa na ci? Abin faɗa bai ƙare ba.

Daga nan muna fata maganar ta wuce katangar makaranta. Masu unguwanni da dagatai da hakimi za su iya rajistar ƙungiyoyin yara, kowace da babban da zai tsaya mata, a kai wa 'yan sanda sunaye, a yi a gama kafin dare ya yi nisa. Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda bai kamata a ce ya rasa masu ɗaukar hoto da murya, ko masu tsara tsaron wasan yara na kwana 10 ba.

'Yan uwa ɗalibai, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan muka jira sai azumi ya kai goma sannan muka fara neman izini, za a ce mana lokaci ya ƙure, kuma da gaskiyar masu faɗa. Dattawan da suka san waɗannan wasanni ciki da waje kullum raguwa suke. Wanda ke da kaka a gida ya fara da ita yau da daddare. Akwatin ƙungiyarmu na nan a gindin wannan allo, muna jiran rubutunku, har da na waɗanda ba su yarda da mu ba, za mu liƙa shi kamar yadda muka liƙa namu.

Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta